Yanda zaki yi aiki da silabus a ajin rawa ba tare da ya cinye miki ajin ba

Shekarata ta uku da fara koyar da rawar bale a nan Ingila akwai wata yarinya 'yar shekara tara a ajina na ranar Asabar, ta shiga jarabawar mataki na uku ta fito da makin da ya fi na duk yaran da na tura, mamanta har da kawo min kwalin cakulan. Sati biyu bayan nan sifikar da nake sa kiɗa ta ƙi haɗuwa da wayata, sai na ce toh bari in tafa musu da hannu, na ɗauko taku huɗu da duk sun sani na canja musu jeri na ce a fara da hagu. Yarinyar nan ta tsaya cak a tsakiyar ɗaki idonta ya ciko da ƙwalla, ta ce min ai ba haka yake ba. Kuma gaskiyarta ne, ba haka yake a littafi ba, ni kuma shekara guda cur ban nuna mata komai ba sai abun da ke cikin littafin. Ranar jikina a sanyaye na koma gida, saboda na gane hadda na koya mata, rawar kuma ban fara koya mata ba tukuna.

Shi ya sa nake so in yi magana dake 'yar uwa, ke da aka danƙa wa ajin rawa a wata makarantar kuɗi ko kika buɗe naki na yara mata ranar Asabar, kika samu silabus a hannu kina tunanin shikenan an gama miki aiki. Malamai maza ma maganar ta shafe ku, kawai dai na saba da cewa ke ne.

Bari in fara da mene ne ma silabus ɗin don ki san abun da kika riƙe. A 1920 a Landan wani editan mujallar rawa mai suna Philip Richardson ya tara manyan 'yan rawa biyar, kowa daga makarantar da ya tashi a ciki, Adeline Genée ta tsarin Denmak, Tamara Karsavina ta Rasha, Edouard Espinosa na Faransa, Lucia Cormani ta Italiya, sai Phyllis Bedells ta Ingila. Abun da ya dame su shi ne kowa ya ga dama sai ya buɗe aji ya hau koyar da yara ba ƙa'ida, ana ta lalata musu jiki. Ƙungiyar da suka kafa ita ce yau ake kira Royal Academy of Dance, RAD a taƙaice. Kafin su akwai wata ƙungiyar malaman rawa a Ingila mai suna ISTD tun 1904. Akwai kuma tsarin malamin bale ɗan Italiya Enrico Cecchetti da aka rubuta a littafi a 1922, shi har kowace rana da atisayenta, sannan malamar bale ta Rasha Agrippina Vaganova ta fitar da nata littafin a Leningrad a 1934. Na RAD da na fi sani yana farawa da aji biyu na share fage na ƙanana, sai mataki na 1 har na 8, a gefe kuma akwai wani layi daban na waɗanda suke so rawa ta zama sana'arsu. Kinga kenan asalin abun don a kare yara aka yi shi, kuma don malama ta san me ke zuwa kafin me. Satifiket daga baya ya zo ya zama abun da kowa ke kallo.

Kuma wallahi ni ba na cikin masu zagin silabus. Na ga ajin da ba shi da tsari, malama ta kalli bidiyo da daddare ta zo da safe ta ce yau juyi za a yi, yaran da ko tsayuwa da ƙafa ɗaya ba su iya ba. Duk wadda ta taɓa zama shagon tela ta san ba a miƙa wa sabon yaro almakashi da shaddar mutane, guga zai fara, sai sa maɓalli, sai kalmasa, a hankali ya hau keke, yanka shi ne ƙarshe. Silabus wannan jerin ya ba ki, mutanen da suka shekara da shekaru suna kallon jikin yara ne suka tsara shi, ba sai kin gano komai da kanki ta hanyar jikkata 'ya'yan mutane ba.

Abu na farko da zaki yi, kar ki karanta na ajinki kaɗai. In mataki na 2 kike koyarwa ki zauna ki karanta na 3 da na 4, ki kalli bidiyonsu, sannan ki dawo baya kina tambayar kanki wannan ɗan abun da aka sa a nawa ajin ina za shi. Nan ne littafin zai buɗe miki. Ɗauki juyi a ƙafa ɗaya, wanda ake ce wa firuwet, shi ne abun da kowace yarinya ke mafarki. Ba a koyar da shi rana ɗaya, a warwatse yake cikin shekaru. Lanƙwasa gwiwa da ake kira piliye shi ne inda ƙarfin yake fitowa. Ɗaga dunduniya a tsaya kan gindin yatsun ƙafa shi ne inda za ta tsaya. Ɗora yatsun ƙafa ɗaya a gwiwar ɗayar a tsaya ba rawar jiki, wannan ita ce siffar. Sai kafe ido a wuri ɗaya kai ya juya a makare ya dawo da wuri don kar jiri ya ɗebe ta. In kin san haka, ranar da kike koya wa 'yar shekara bakwai piliye ba zaki bari dunduniyarta ta ɗaga ba ko gwiwa ta faɗa ciki, saboda kin san bashi ne da za ta biya tana shekara sha ɗaya. In baki sani ba kuwa zaki ce ai ta yi, tunda ta bi kiɗa ta gama tare da kowa.

Haka tandu, sunan kamar tandun man shanu amma kalmar Faransanci ce, miƙa ƙafa ne a ƙasa har yatsu su tsaya tsaf ba tare da sun bar daɓe ba. Yara sun tsane shi don ba shi da armashi, amma duk tsallen da za su yi nan gaba ta nan ƙafa ke koyon ture ƙasa. Ni yanzu nakan faɗa musu gaskiya, in nuna musu babban tsallen in ce wannan daga wancan ya fito, sai ki ga sun daina ja da baya.

Na biyu, satin farko zuwa na uku na sabuwar shekara ki ajiye littafin a jaka. Ki kalli yaran kawai. A yi tafiya da kiɗa, a yi sukuwa daga wannan kusurwa zuwa waccan, a yi 'yar langa a ga wa ke iya tsayawa da ƙafa ɗaya ta ƙirga goma, ki tafa wani salo su maimaita. A nan zaki ga wadda kunnenta ya riga jikinta, da wadda jikinta laushi kamar roba amma ba ƙarfi, da wadda take da ƙarfi amma ta ƙage. Shekarun da aka rubuta a silabus mafi ƙaranci ne, ba wai dole 'yar shekara takwas ta kasance mataki kaza ba. Yarinyar da ta fara tana sha biyu kar ki jefa ta cikin 'yan shekara shida, kunya za ta kore ta kafin wata ya ƙare, ki sa ta da sa'o'inta ko kusa da su ki dinga ba ta sauƙaƙen abun da suke yi har ta kamo.

Yanzu ga inda na fi so ki tsaya ki saurare ni, yanda zaki raba shekarar. Kuskuren da na yi da yarinyar can shi ne tun ranar farko na kunna kiɗan jarabawa na ce ga atisaye na ɗaya, muka yi ta maimaita shi wata tara. Yanzu zangon farko gabaɗaya yarana ba sa jin kiɗan jarabawa ko sau ɗaya. Ina ɗaukar abubuwan da ke cikin matakin in wargaza su, in koyar da kowane taku shi kaɗai, a fuskanci bango a riƙe sandar riƙo da ke jikinsa da hannu biyu, sannan hannu ɗaya, sannan a tsakiyar ɗaki, yau da kiɗa mai sanyi gobe mai sauri, yau a fara da dama gobe da hagu, wani lokacin in juya su su ba madubi baya saboda wasu ba rawa suke ba, kwafar ta gabansu suke ta madubi. Kamar koyon karatu ne, sai yaro ya san baƙi da wasali ya iya haɗa su da kansa kafin ki ce ya karanta shafi, in ba haka ba zai rera miki shafin da ka amma ki nuna masa kalma ɗaya a tsakiya ya yi shiru. Zango na biyu nake fara haɗa atisayen yanda yake a littafi, kuma abun mamaki cikin sati shida zuwa takwas suke ɗauke abun da da yake cin min shekara, don ba sabon abu a ciki sai jeri. Zango na uku gyara ne da goge-goge, hannu, kai, inda ido ke kallo, numfashi, shiga da fita.

Ko a zango na ukun ma, a aji na awa ɗaya ba na ba littafi fiye da minti arba'in. Minti goma na farko ɗumama jiki ne, goman ƙarshe kuma nasu ne, in haɗa musu sabon jeri nan take wanda ba su taɓa gani ba, ko in sa kiɗa in ce kowa ta ratsa ɗakin yanda kiɗan ya ce mata, sharaɗi ɗaya kawai, a sa juyi ɗaya da tsalle ɗaya a ciki. Ranar farko za su tsaya suna kallon juna suna dariya, ki ƙyale su, zuwa sati na huɗu sai kin roƙe su su fita iyaye na jira a waje. Kuma a wannan minti goman ne nake gane wadda ta fahimta da wadda ta haddace, jarabawata kenan ta gaskiya.

Maganar kiɗa kar ki bar ta a hannun sifika. Ki koya musu bambancin kiɗa mai bugu uku da mai bugu huɗu da tafi, su ji inda bugu mai nauyi yake faɗowa. Mu da muka tashi muna gaɗa a dandali wannan kyauta ce muka samu, tafi da waƙa da faɗawa hannun ƙawaye duk a kan lokaci ba wanda ya taɓa ƙirga mana, amma na ga yara da yawa nan da sai an zauna an koya musu. A silabus ɗin RAD akwai wani sashe na rawar al'ada da aka ɗauko daga Hangari da Folan da Rasha, ana sa baƙin siket mai ribbon a ƙasa da takalmi mai ɗan dunduniya, ana buga ƙafa ana riƙe ƙugu. Yaran da bale ke ba wahala sau da yawa a nan suke haskawa, ki lura da su ki yaba musu da ƙarfi a gaban kowa.

Sai lafiyar jiki, nan kam ba sassauci. Buɗe ƙafa waje da aka san bale da shi daga ƙugu yake fitowa, ba daga gwiwa ko idon sawu ba. In yarinya ta murɗe tafin ƙafarta ya koma gefe sosai alhali gwiwarta na kallon gaba, ki rage mata buɗin ko da ba zai yi kyau a hoto ba, ƙa'idar ita ce in ta lanƙwasa gwiwa ta tafi saitin yatsun tsakiya. Kar ki taɓa danna yarinya ƙasa don ta tsage ƙafa. Kafin ki taɓa jikin kowa don gyara ki tambaye ta, kuma iyaye su san haka kike aiki. In ɗakinki siminti ne ko tayil, wanda na san shi ne a yawancin makarantunmu na gida, ki rage tsalle sosai, ƙanana kaɗan kawai kuma ki nace a sauka ta yatsu zuwa dunduniya gwiwa ta lanƙwashe, daɓen katako mai ɗan bada kai shi ne na tsalle, siminti ba ya yafe wa ƙwauri. Takalmin tsayuwa kan yatsu kuwa, dan Allah kar ki bari hoto ya ruɗe ki ko uwa ta matsa miki. Galibin malamai ba sa yarda kafin shekara 11 ko 12, kuma sai bayan shekaru ana horo fiye da sau ɗaya a sati, saboda ƙasusuwan ƙafar yaro ba su gama ƙwari ba. Shekaru kaɗai ma ba sa isa, in ba za ta iya ɗagawa da ƙafa ɗaya sau da yawa a jere ba tare da idon sawu ya karkace ba toh ba ta shirya ba ko shekararta sha biyar.

Jarabawa fa? Tana da amfani, wata baƙuwa ce da ba ta san yaran ba ba ta san ki ba za ta zo ta zauna ta kalla, yara su shiga 'yan kaɗan ke kina waje, sakamako ya zo da maki kashi-kashi, fasaha daban, kiɗa daban, yanda aka gabatar daban. Ni takardar nan kaina nake aunawa da ita, in yara shida duk sun faɗi ƙasa a sashe ɗaya toh ba su ba ne, ni ce ban koyar da shi daidai ba. Amma ba kowace yarinya ce sai ta shiga ba, kuma ba kowace shekara ba. Akwai kuɗin rajista, akwai kayan sawa na musamman, akwai yarinyar da fargaba ke hana ta barci sati guda. RAD ɗin ma suna da wani tsari mai sauƙi da malama ke shiga tare da yaran ta jagorance su, na sha zaɓar shi don masu tsoro. Ki kuma sani sai malamar da ke da rajista da su ce ke iya tura yara jarabawarsu, don haka in baki da ita kar ki ce wa iyaye za a samu satifiket ɗinsu, ki ce kina bin jerin ne kawai, gaskiya ta fi.

Iyaye za su tambaye ki, Malama yaushe za ta wuce aji na gaba, 'yar maƙwabciyarmu har ta kai na biyar. Kar ki amsa a bakin ƙofa yara na ji. Ki ware rana ɗaya a zango ki buɗe musu aji su zauna su kalla, sannan ki ce Hajiya kin ga yanda take sauka daga tsalle yanzu ba ƙara, wata uku da suka wuce kamar an yar da buhu, abun da muke ginawa kenan, in na matsar da ita yanzu za ta je inda ake juyi ba ta da ƙafar tsayawa. Yawancin iyaye in suka ga kin san 'yarsu ɗaya ɗaya hankalinsu na kwanciya. Wasu za su cire ta su kai inda ake rabon satifiket da sauri, yana da ciwo amma ki bar su.

Toh ke da ba bale kike koyarwa ba fa, rawar gargajiya ce aka ce ki shirya yara don bikin ƙarshen shekara? Ki rubuta naki matakan. ISTD suna da jarabawa mataki-mataki ta rawar Indiya, Kathak da Bharatanatyam, don haka ba wani abu ba ne da aka ce sai rawar Turawa. Ki je wajen masu abun, misali 'yan Koroso in a Kano kike, ki gaishe su yanda ya kamata ki nemi izini ki ɗauki bidiyo, ki tambayi babbansu me yake fara koya wa sabon yaro, me yake hana shi sai ya daɗe. Zaki tarar suna da jerinsu a ka ko da ba a rubuce ba. Ki raba shi gida uku ko huɗu, takun ƙafa da jin kiɗa tukuna, sai kafaɗa da hannu, sai shiga layi da fita da canjin wuri, abubuwan lanƙwasa jiki da ɗaukar juna kuma can ƙarshe ga waɗanda suka yi ƙwari. Abu ɗaya zan roƙe ki, kar ki daskarar da ita. Rawarmu da makaɗi take magana, shi ya canja ke ki canja, in kika ɗaure yara da rikodin ɗaya kin maimaita kuskurena ne da wani kaya. In da hali ko sau ɗaya a wata ki kawo mai kalangu ko ganga ajin.

Rashin kayan aiki kuma kar ya karya miki gwiwa. Daniel Ajala a Legas da bidiyon intanet ya koya wa kansa bale ya buɗe Leap of Dance Academy yana koyar da yaran unguwa kyauta, a 2020 bidiyon ɗalibinsa Anthony Madu yana juyi ba takalmi cikin ruwan sama ya zagaye duniya, daga baya yaron ya samu gurbi a makarantar bale ta Elmhurst da ke Birmingham. Bayan kujera yana maye gurbin sandar riƙo in tsayinsa ya kai wajen ƙugun yarinya zuwa ƙasan haƙarƙari, ki dai tabbatar ba mai zamewa ba ce.

Sai ki sayi ɗan littafin rubutu na aji kawai. Kina sallamar yara kafin ki taɓa waya ki zauna minti biyar ki rubuta abu uku, me ya shiga yau, me bai shiga ba, wace yarinya ce ban kira sunanta ba ko sau ɗaya. Na ukun nan shi ya fi tayar min da hankali da na fara, don sai na ga suna ɗaya yana dawowa sati bayan sati, yarinya mai shiru da ke tsayawa layin baya ba ta kuskure sosai ba ta burgewa sosai. Tun daga nan kowane atisaye nake juya layi, na gaba su koma baya na baya su dawo gaba, kuma sunan da na rubuta ranar Asabar ɗin nan da shi nake buɗe ajin Asabar mai zuwa.